Surukata Mai Ƙaho

Ƙyashin Ilu, mijin ƙanwar matata, ya sa na sayo jar motar tsere ta Japan daga Kano, mai kujera biyu. Shi tsohuwar akori-kura gare shi, amma kullum shi surukarmu ke yabo.

Ranar kasuwar Sassumbrum na tsaya ƙofar gidanta ina hura hanci. Ta leƙa ciki, ta tambayi matata, "Ina kujerar baya?"

"Babu, Inna."

"In zauna kafaɗa da kafaɗa da mijinki? Kunyata ba ta ƙare ba."

Ta haye bayan motar Ilu tana sa masa albarka. Ni aka ɗora mini akuyar da za ta sayar.

Har yau Ilu in ya gan ni, sai ya tambayi lafiyar surukata mai ƙaho.