Rasuwar Injin Ƙyanƙyasata a Hannun Surukina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai nuna mijin 'yata ta fari, wanda shi ya yi kisan, nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar injin ƙyanƙyasar ƙwaina. Ya cika ranar Laraba bayan la'asar, a kan teburinsa na bayan ƙofar kicin, yana da shekara tara a hannuna.

Marigayin mai ladabi ne. Bai taɓa karɓar ƙwai ba sai ya tambaya. Zai yi "ƙit-ƙit", ya jira, in danna masa yawan da na kawo, ko bakwai ko talatin, sannan ya buɗe gurbi daidai da haka a ƙwaƙwalwarsa. Kowane ƙwai na ajiye in taɓa maɓalli, ya kunna masa 'yar fitilarsa, ya riƙe masa kwanakinsa. Ban yi boko ba, shi kuma bai taɓa goranta mini ba.

Ciwon ajalinsa ya faro ne ranar da surukina, mai sana'ar rubuta wa kwamfuta umarni, ya zo gaisuwa ya ga ina dannawa. Wai wannan tambaya ɓata lokaci ce, wai Inna ba ta taɓa wuce ashirin ba. Wa ya gaya masa? Ya jona masa igiyar kwamfutarsa, ya cire tambayar, ya kafe gurbi ashirin, ya ci abincina ya tafi. Har godiya na yi masa. Abin da ke ƙona min rai ke nan.

Ranar Laraba na kawo ashirin da bakwai. Su ne ƙwan ƙarshe na baƙaƙen kajin da na gada daga mahaifiyata, na tara su kafin annoba ta ɗauke ukun da suka rage. Marigayin bai tambaya ba, tunda an yanke masa harshe. Na yi ta taɓa maɓalli yana karɓa. Mai gyaran rediyo na bakin titi, wanda ya buɗe shi ya yi masa wankan gawa, ya shaida cewa bakwai ɗin da suka rasa gurbi a kan wurin da yake ajiye lissafin zafi marigayin ya rubuta su. Zafi ya hau. Kalmarsa ta ƙarshe "ƙiiii" ce mai tsawo, sai ƙauri ya cika ɗakin.

Ya bar tiren roba biyu, da igiyar wuta mai ƙoshin lafiya, da ƙwai ashirin da bakwai dafaffu, da akurki wanda babu kowa a ciki, da ni. Irin kajin mahaifiyata ya bi shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bayan akurkin. Ba na son ta'aziyya ta waya, ba na son sabon inji, 'yata kuma kada ta zo ba ni haƙuri a madadin mijinta. Shi zai haƙa ramin, shi zai ɗauko gawar. Zan jera masa ƙwan nan a tire a gaban jama'a, ya ƙirga ashirin ɗinsa ya ware. Sauran bakwan kuwa, ya tsaya ya faɗa wa mutane a ina ya so su zauna.