Rasuwar Dallatu, Babur ɗin da Ruwa Ya Ci

Da zukata cike da baƙin ciki, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, iyalan Malam Tawfiq Yamusa na Dutse Alhaji suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗinsu, wanda aka fi sani da Dallatu. Ya rasu ranar Lahadi da la'asar a wani rafi kusa da Paikon Kore, yana da shekara talatin da uku, biyun ƙarshe a hannun Malam Tawfiq.

An tsinci marigayin ne a bayan wata rumfar lemo a kasuwar Zuba, ba taya, ba fitila, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Malam Tawfiq ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, da fayil ya saba, bai taɓa riƙe sifana ba. Mutuwar Iyatu ce ta kai shi ga ƙarfe, Bafulatanar da ta shekara goma sha ɗaya tana kawo musu nono. Naƙuda ta kama ta a ruga, ta cika a hanya kafin a kai asibiti. Ranar da ya je gaisuwa ya ƙudurta gina ɗakin haihuwa a rugar. Gini ya kai linta, saura rufi, ƙarfinsa ya ƙare. Sai suka yi shawara da Jacob bakanike su tayar da tsohon babur, su ƙawata shi, a yi gwanjonsa ga masu sha'awar tsofaffin kaya, a rufa ginin da kuɗin.

Shekara biyu suka yi suna fama, kowace Asabar. Tanki daga kasuwar Panteka ta Kaduna aka samo shi. Sirdin kuwa Maitama, mijin Iyatu, shi ya ba da fatar bijiminsa aka ɗinka. Hajjo, uwargidan Malam Tawfiq, ta haƙura da barandarta, ta haƙura da warin baƙin mai, ita ce ma ta zaɓi koren fentin.

Marigayin mai natsuwa ne. Ba ya tashi sai an taka shi sau uku, ya yi tari biyu, sannan a ji "dum, dum, dum" kamar dattijo na gyaran murya. Bai taɓa kayar da kowa ba.

Saura kwana shida a yi gwanjo, Malam Tawfiq ya so mutanen ruga su gan shi kafin ya koma hannun wani. Jacob ya ce a ɗora shi a mota, shi kuwa ya ce sau ɗaya dai zai hau. A hanyar dawowa, ashe an yi ruwa a gabas, rafi ya kawo suna tsakiyar mashigi. Malam Tawfiq ya riƙe kan babur har wuyan hannunsa ya karye, makiyaya na ta kiransa daga gaɓa, "Malam, sake shi." Ya saki.

Sai ranar Talata aka gano gawar a cikin saiwoyi, inji ya tsage, jiki ya lanƙwashe. Jacob ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Oga, wannan ya tafi," ya zauna a ƙasa.

Marigayin ya bar tayar baya, da madubi guda, da makullinsa, da maigida mai ɗaurin karaya wanda har yau bai daina cewa laifinsa ne ba.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a garejin Jacob, lokacin da aka sa domin gwanjo. Waɗanda aka gayyata da farko, gayyatarsu tana nan. Ana roƙon 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su dakata sai an watse. Ba a buƙatar goro ko abinci. Mai son yi wa iyalan ta'aziyya ya zo da kwanon rufi, ko katako, ko ƙusa. Akwai mata huɗu a rugar waɗanda watan haihuwarsu ya kusa.