Rasuwar Pedaliye, Wanda Bai Cika Taƙi Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, Muhsin Zakari, mai shagon takalma a Adjamé Mairie, yake sanar da rasuwar Pedaliye, wato ƙarfen nan mai ɗauke da feda biyu yana jan sarƙar kekensa na tsere. Ya cika ranar Lahadi a tsakiyar gada, a hanyar Treichville.

Marigayi siriri ne, mai kamun kai. Daga feda zuwa feda santimita goma sha biyar ne, ko taƙi bai cika ba, kamar yadda aka san na kekunan tsere. A haka ya ɗauki kawun Muhsin, Baba Kalla mai atamfa a kasuwar Treichville, duk tsawon ƙuruciyarsa, har gwiwa ta gaza, tsoho ya damƙa shi amana ga ɗan ƙanwarsa. Ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai dai "tsik, tsik" idan yana son mai.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga cin garba, wato dambun rogo da kifi, da aloko, wato soyayyar ayaba. Muhsin ya yi teɓa, cinyoyi suka fara gogar juna, gwiwa tana dukan tumbi. Maimakon ya rage loma, sai ya bi majalisa yana cewa Turawa ne suka ƙera abin a matse, ba su san ƙirar namiji ba. Ya kai bawan Allah wurin mai walda, aka ƙara masa ƙarfe dama da hagu, aka buɗe shi kamar mai hawan jaki. Marigayi ya jure, yana "ƙiƙi, ƙiƙi", Muhsin yana cewa murna yake yi. Kalmar marigayi ta ƙarshe ita ce "ƙaras". Kunyar faɗuwa gaban 'yan gbaka, wato masu ƙananan bas na haya, ta wuce. Wadda ta hana Muhsin sukuni ita ce ta tsohon da ya yarda da shi.

Ya rasu ya bar sarƙa tana takaba, da feda biyu marayu, ɗaya ta faɗa ruwa ba a ga gawarta ba, da sirdi wanda shi ma ya sha wuya a hannun wannan mutum.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan sallah. Masu sayen ƙarfen bola su dakata, domin sai an kai gawa rumfar Baba Kalla ya yi mata kallon ƙarshe. Muhsin zai ɗauke ta a buhu, a ƙasa, tun daga unguwar 220 Logements, kuma ya roƙi kada kowa ya rage masa hanya. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su riga shi isa. Har yanzu tsohon bai sani ba. Jiya ma ya aiko da sabon gwangwanin mai, ya ce a shafa wa yaronsa.