Katin Auta Ya Rasu a Teburin Mai Gyara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɓacin ran da ba ta da niyyar ɓoyewa, Iya mai wanki ta ɗakin ƙarshe tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar katin gaisuwar da autanta ya aiko mata. Ya cika ne a kan teburin mai gyaran rediyo na bakin titi, wannan da yake sa a kira shi Injiniya. Ba tsufa ne ya kashe shi ba. Hannun mutum ne.

Marigayin kati ne mai fure a gaba, da rubutu a ciki wanda Iya ba ta taɓa karantawa ba, don ba ta yi makaranta ba. Auta ya san haka. Yana aikin jirgin ruwa ya ji an kwantar da ita a asibiti, ba halin zuwa, sai ya nemo irin katin nan da ake danna maɓalli a yi magana a ciki. Da an buɗe shi sai ya ce: "Iya, ni ne. Ya jikin? Ki bar wankin nan haka, ki sha maganinki. Ina nan tafe." Sai ɗan tari, sai dariya, sai wani yana ƙwala masa kira daga nesa.

Auta bai taho ba. Ruwa ya ci shi, ko takalminsa ba a gani ba. Babu kabarin da za a je a tsaya. Katin nan ne kaɗai ya iso gida.

Masu karatu sun ce tun kafin a san waya mutane suke aika kati, don wanda ƙafarsa ba za ta kai ba ya aika abin da hannunsa ya taɓa. Iya ba ta san tarihi ba. Abin da ta sani, marigayin ya yi shekaru a ƙarƙashin matashinta, bai taɓa gajiya da tambayar jikinta ba, abin da 'ya'yan da suke raye suka kasa. Bai taɓa ce mata yana sauri ba.

Ciwon ya fara ne daga murya. Ta yi nauyi, tana ja, kamar Auta ya tsufa a cikin takarda. Iya ta naɗe katin a ɗankwali ta kai wa Injiniya, ta ce batir kawai za a sauya, kada ya taɓa komai. Ta faɗa, ta maimaita, yana ta gyaɗa kai yana kallon titi. Ya sa batir. Sai kuma halin masu gyara ya motsa, su da ba sa iya ganin abu mai lasifika ba su hura masa iska ba. Ya danna jan maɓallin, ya kai baki. Shi ke nan, sabon sauti ya hau kan tsohon ya shafe shi.

Yanzu in an buɗe marigayin, ga abin da yake cewa: "Fuu, fuu. Halo, halo. Yana yi? Yana yi."

Har da murmushi Injiniya ya miƙo mata, wai ga shi nan yanzu ma muryar ta fi tashi. Da ta gaya masa abin da ya aikata, mutumin nan ya dubi tsabar idonta ya ce ai kati ne kawai, zai sayo mata sabo. Sabo! Wa zai yi magana a ciki, kai?

Marigayin ya bar ambulan ɗaya mai hatimin ƙasar da Iya ba ta iya faɗin sunanta ba, da tabon baƙin mai na babban yatsan Auta a gefe, da mataccen batir da ta ƙwato daga kwandon sharar shagon. Ya bar Iya, wadda tun yanzu ta fara kokwanton ko tarin ne ya riga dariyar, ko dariyar ce ta riga, kuma babu wanda za ta tambaya.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a tsakar gidan haya, a gaban ɗakin ƙarshe. Za a naɗe marigayin a tsohuwar rigar Auta, a kwantar da shi a ƙasan akwati. Kada kowa ya zo da sabon kati. Kada kowa ya ce mata ta yi haƙuri, ta ji ya ishe ta.

Injiniya kuwa dole ya zo. Ba kuɗinsa ake so ba. Zai tsaya a gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, sannan ya sa wannan yatsan nasa ya sake danna maɓallin, ya kame bakinsa har katin ya gama ɗauka. In bai zo ba, Iya za ta ɗauki kujerarta ta zauna a ƙofar shagonsa, duk wanda ya kawo gyara ta buɗe masa katin ya ji.

Ba za ta kwantar da ɗanta da muryar wani ƙato a bakinsa ba. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, idan ya danna, kowa ya yi shiru.