Motar da Aka Kama Don Ta Tsaya

Ranar kasuwa, mako biyu da suka wuce, ni da buhun albasata mun yini ƙarƙashin wata aduwa a hanyar Keita, mu goma sha huɗu da awaki biyu. Mota ba ta lalace ba, isansi, wato fetur, bai ƙare ba. An kama ta ne don ta tsaya.

Motar ta Halidu ce, maƙwabcina a Deule, tsohuwar bashe, wato a-kori-kura, da ta ga yunwar saba'in da uku da idonta. Ita kaɗai ce motar garinmu. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke kai mai naƙuda likita. Shekara tara birkinta sai da lallashi. Halidu kan miƙe a kansa da ƙafa biyu, yana takawa yana saki yana salati, ita kuma ta tsaya inda ta ga dama. Duk shekara yakan kai ta bizit, wato duba lafiyar mota, a buga mata hatimi ta taga, ba wanda ya taɓa fitowa rana ya dube ta.

Da daminar bara, a gangaren dutse, birkin ya ƙi sam. Halidu ya karkata ta cikin yashi don kada ta faɗa kwari. Ba a rasa rai ba, amma yayarsa Hajjo ta karye a hannu, har yau ba ta iya daka. Bayan kwana uku ya sayar da bijiminsa, ya wuce Madawa wurin Maiguwa makanike.

Maiguwa ya sa mata birkin zamani. Wani ɗan famfo ne da bel ɗin inji ke juyawa, shi ke tura mai da ƙarfi cikin bututu, direba ya taɓa da yatsan ƙafa kawai. An ciro kayan ne daga jikin wata sabuwar mota, cikin waɗanda manyanmu suka jingine bayan biro, wato ofishin hukuma, don taya ɗaya ta fashe, kaji na ƙwai a kujerunsu. Dole a yaba wa manya. Da ba su iya ajiya ba, ina talaka zai sami kayan gyara?

To, ranar nan, fitarta ta farko hanyar Keita tun bayan gyara, mun iso shingen hanya, Halidu ya taɓa birki, mota ta tsaya cak, hancinta bai kai ga igiya ba. Sarkin Igiya, mai tsaron shingen, wanda ya saba yin tsalle gefe da zarar ya hango mu, ya riga ya yi tsallensa. Ya dawo yana kakkaɓe wando.

"Shofer, mi ka yi ma motar ga?"

"Gyara ta na yi, ranka shi daɗe."

"Wa ya ba ka izini?"

Sai da la'asar ya sake mu, takardun mota kuma ya aika da su biro.

Kashegari na raka Halidu biron. Mai Girma Ubangidan Hatimi ya karɓe mu bayan ya gama shan shayi, ya daɗe yana duba takardun.

"Takarda tsohon birki ta sani," in ji shi. "Wanga sabo ba ta san shi ba."

"Ranka shi daɗe, tsohon ba ya kamawa."

"Ga hatimi tara sun ce yana kamawa. Ƙarya na yi sau tara ke nan?"

Halidu ya ce Allah shi kiyaye. Mai Girma ya yi mana bayani cikin haƙuri: sauya birki sai da izini, izini sai an cika koriyar takarda, koriyar takarda ta ƙare tun kafin azumi. Kafin ta iso, a maida tsohon birki, a kawo mota bizit, a karɓi takardu.

"In ta kashe mutane fa?" Halidu ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Sai a rubuta rahoto. Takardar rahoto akwai ta."

Da muka koma gida, Hajjo ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce, "In za ka maida tsohon, ƙanena, fara karya mani ɗayan hannun nan gida, ka hutar da ni tafiya." Halidu bai kwance komai ba. Ya lulluɓe mota da tabarma. Kwana goma garinmu ba mota, har A'i matar liman sai a amalanken jaki aka kai ta likita.

Shekaranjiya sai ga saƙo, Mai Girma na neman Halidu da motarsa. Mahaifiyarsa ce za ta suna Keita, motar biro kuwa ta tafi ɗauko wa wani babba itacen girki. Da kansa ya zaunar da tsohuwar a gaba, ya gyara mata mayafi, ya miƙa wa Halidu takardunsa. Sannan ya sunkuyo ta taga, ya rage murya.

"Ba ka cire ba ko?"

"Takarda ta ce in cire, ranka shi daɗe."

"Takarda ba ta shiga mota. Ka bi mani ita a hankali."

Ni dai roƙona, jama'a, Allah ya ja kwanan tsohuwar nan, ya yawaita mata dangi masu suna da biki. In da hali, wasunsu su koma wajen garin Buza da zama, don gyaran gadar hanyar can ma takarda yake jira.