Yadda Za Ka Ɓatar da 'Yan Shekara Sittin Oga Bai Gane Ba

An ba ka jerin tsofaffi ɗari huɗu da za a yi wa aikin ido kyauta, an ce ka kasa su rukuni-rukuni bisa shekaru: sittin zuwa saba'in, saba'in zuwa tamanin, har sama. Ka danna, kwamfuta ta haɗiye mutum ɗari da goma, ta rubuta NA a gaban sunayensu, wato ba ta san inda za ta kai su ba. Cikinsu har da surukarka. Kwantar da hankalinka ka bi matakan nan, ba su taɓa kunyata kowa ba.

1. Kada ka duba su wa suka ɓace

In ka duba za ka ga duk shekararsu sittin cif, don tsohon da bai san ranar haihuwarsa ba sittin yake cewa. Za ka kuma gano rukunin farko daga bayan sittin ya soma, ya bar mai sittin ɗin a bakin ƙofa. Irin wannan sanin aiki yake jawo wa mutum.

2. Sake dannawa

Sau bakwai, kowanne ya fi na baya ƙarfi. Kwamfuta ma tana jin tsoro.

3. Yi hattara da mai taimako

Abokiyar aikinka ta teburin kusa za ta leƙo ta ce, "Yaya, kalma ɗaya fa za ka ƙara, ka ce wa kwamfutar ta haɗa da masu sittin cif ɗin."

Ka yi murmushi ka ce, "Ƙanwata, abin ya wuce nan." Sannan ka karkatar da allon.

4. Goge su

Masana ba sa cewa gogewa. Idan Oga ya ce, "Ina sauran mutanen?" ka gyara zama ka ce, "Ranka ya daɗe, an tsaftace bayanan." Zai gyaɗa kai, shi ma ba ya son a san bai gane ba.

5. Gida

Nan ne wuyar. Matarka za ta tare ka tun kafin ka cire takalmi: "Mama ta ce yaushe za a kira ta? Yau ma ta ci karo da ƙofa."

Ka ce tsarin na zamani ne, sai ta cika sittin da ɗaya, ta yi haƙuri zuwa baɗi.

Tsame hannu

Mai wannan rubutu ba ruwansa da takardar kora, ko yaji, ko duk abin da ya biyo baya. Ba shi ya ce kuma ka yi wa Mama alkawarin baɗi ba. Ka tambayi matarka: shekara tara ke nan Mama tana cewa sittin.