Rasuwar Hitar Maijidda Ana Tsaka da Wankan Jego

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta huce ba kuma ba ta da niyyar hucewa nan kusa, Maijidda matar Malam Isa na garin Tiga take sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Bebeji, Kiru, Tudun Wada har Doguwa, rasuwar hitarta ta dafa ruwa. Ta rasu ranar Talata da hantsi a cikin bokiti, tana bakin aikinta, bayan gajeriyar jinya da ke da hannun mutum a ciki.

Marigayiya ta shigo gidan nan cikin tsarabar Kano, shekarar da aka jawo wa unguwar wuta. Ba ta san ƙiwa ba. Da an tsoma ta a ruwa sai ka ji ta fara shiii a hankali, can kuma ɓul-ɓul-ɓul, kafin mace ta gama sharar tsakar gida ruwa ya tafasa. Ruwan dam da lakarsa ta sha shi shekara da shekaru, abin da take nema kawai a kankare mata jiki da lemon tsami. Ita ta ɗumama wa Malam Isa ruwan alwala a lokacin sanyi, ita ta raba yaran gidan da kukan wankan safe.

Babban aikinta ya zo ne a daminar bana, da Bahijja, 'yar farin Maijidda, ta dawo gida wankan haihuwar fari. Itace duk ya jiƙe, ga mai jego na bukatar tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma, ga dangin mijinta na Badafi suna aiko mata bi da bi, da sunan barka, suna leƙa ko ana gasa musu matar ɗa yadda ya kamata. Kowa ya sani in sanyi ya shiga mai jego, sunan uwarta ake kira. Marigayiya ta rufa wa Maijidda asiri, ba ta yi fashi ba ko sau ɗaya.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga Hafizu, ƙanin Malam Isa, mai sayar da tarwaɗa a bakin dam. Ranar da Maijidda ta raka Bahijja asibiti allurar jariri, ya shigo ya sauke marigayiya daga ƙusar da ake rataye ta ba da izinin kowa ba, ya tafi da ita dafa ruwan wanke yauƙin kifi. Da ya gama ya tsame ta da wuta a jikinta, ya yar a ƙasa ya shiga ciniki, har ta yi ja, sannan ya jefa ta a ruwan sanyi wai ta huce. Ya maido ta ƙusa, ya goge bakinsa. Ƙarnin kifi ne ya fara tona shi, matarsa Kaltume ta ƙarasa bayani daga baya.

Tun daga yammacin nan, da an jona marigayiya sai a ji ƙat, bireka ta yanke wutar gidan gaba ɗaya. Maijidda ta kashe firij, ta cire dutsen guga, aka gwada, ƙat. Aka canza soket, aka sake mata kan waya, ƙat. Duk abin da aka jona a gidan lafiya lau yake ci, sai ita. Ashe ƙarfen jikinta ne ya tsage ruwa na shiga, bireka kuwa ran mutane take karewa.

Sai ga Hafizu ya zo dubiya, fuskarsa ɗauke da jimami. Shi da ya san abin da ya aikata, da bakinsa ya ce marigayiya garau take, birekar ce matsoraciya. Ya ɗauko guntun waya ya haɗa yadda wuta za ta tsallake birekar, ya karkaɗe hannu ya ce an gama. Aka jona. Marigayiya ta yi shiii ɗinta na ƙarshe, Maijidda ta miƙa hannu za ta tura ganye cikin ruwan, wuta ta fizge ta ta maka da bango, sannan aka ji tas. Bahijja na tsaye a bayanta da jariri a kafaɗa. Hafizu ya yi dariya, wai ai tsakanin ƙanin miji da matar wa sai wasa. Maijidda na sanar da jama'a cewa wasan nan ya rasu tare da marigayiya, kuma shi ba a karɓar gaisuwarsa.

Ta rasu ta bar bokiti guda da ya narke a gefe, da soket da ya yi baƙi ƙirin, da bireka da aka yi wa ƙazafi, da hannun daman Maijidda da har yau ba ya riƙe ludayi sosai. Ta kuma bar Bahijja da sauran rabin wanka a gabanta.

Game da shirin binnewa, ba za a yi wa marigayiya wanka ba, ta sha ruwa iya shanta. Hafizu ya aiko da sabuwar hita a kwalinta, an mayar masa, domin ba a yi wa mamaci magaji ana cikin makoki. Hajiya Khadija, mahaifiyar Malam Isa da Hafizu, ta duba hannun surukarta ta yanke hukunci: makoki zai kai ranar arba'in ɗin Bahijja, kuma ruwan wanka ba zai yi fashi ba. Hafizu ne zai nemo itace, ya faskara, ya ɗora tukunya, ya hura har ta tafasa, safe da yamma, ko ana ruwan sama, ko kasuwar kifi na ci. Za a rataye gawar a bango saitin murhu, sai ranar arba'in zai haƙa rami a bayan gida ya binne ta da hannunsa.

Ana karɓar gaisuwa a tsakar gidan Malam Isa bayan asuba da bayan la'asar, an tanadi tabarma mai fuskantar murhu. Duk wanda ya zo zai tarar da Hafizu a durƙushe, idonsa jawur, yana zubar da hawaye. Ana roƙon jama'a kada wanda ya ba shi haƙuri, hayaƙin ɗanyen itace ne.